Hular Kwanon da Yaya Sabo Ya Ƙera

Jikata ce ta ja min. Ina zaune lafiya lau a tsakar gida ina tsince shinkafa, ta zo ta cusa min waya a gaban ido, wai in ga fim ɗin da ya hana ta wanke-wanke tun safe. Na ce ta kauce min da abin nan, idona ya wuce kallon mutane 'yan mitsi-mitsi. Ta ce, "Haba Hajiya, ki duba kawai, an ma juya shi da Hausa." Na duba don ta ƙyale ni. Sai ga mahaya biyu cikin sulke tun daga kai har ƙafa, kowa ya saita dogon mashi, sun sako dawakai sun nufi juna. Gabana ya yanke ya faɗi. Na ce ta tsayar min da shi. Ta tsayar, ta sa yatsu ta buɗa hoton har hular ƙarfen ɗayansu ta cika fuskar wayar. A daidai baki da hanci, ga ƙananan huda nan jere, an yi su domin numfashi. Na ajiye faifan shinkafar a ƙasa, na ce, "Ashe da huda." Ta tambaye ni hudar me.

Labarin nan na san shi tun ba a haifi uwar yarinyar ba. Asalinsa wani tsohon littafin Turawa ne na mahayan zamanin da, kuma na ga an sake masa kama ba sau ɗaya ba. Bayan na yi aure maigidan ya taɓa shigo da shi a kaset, mai kala, jarumin ya tara gemu. Ga wannan na yanzu kuma da aka sa masa Hausa a baki, yana ta cika baki kamar ɗan tasha, har ita gimbiyar da a da aikinta zama a kan kujera da kuka, yanzu ta zare takobi tana sara. To, su suka sani. Wanda na fara gani baƙi da fari ne, a talabijin, ana kawo shi kashi-kashi kowane mako, kuma shi ne ya kusa yin kisa a unguwarmu.

Gyaɗi-Gyaɗin da na tashi a ciki bakin gari ce. Idan ka bi bayan gidajenmu gonaki ne shimfiɗe har Tarauni, da damina dawa ta rufe mutum, da rani fili fetal sai kututturen kara da awaki. Daurawa kuwa a wurinmu tafiya ce, Hotoro ƙauye. Abin da ke tashe ni da safe ƙarar guga ce tana dukan bangon rijiya, sai luguden mata daga gida zuwa gida, sai gudumar Baba daga rumfarsa ta bakin hanya. Yanzu ina zaune a Tarauni, kuma na rantse ko za a yanka ni ba zan iya nuna inda filin nan yake ba. Shaguna ne, da hon ɗin 'yan adaidaita sahu, da janareta da ba ya gajiya. Yaran yanzu kowa da nasa kallon a tafin hannu, ya toshe kunne, ko sallamarka ba ya ji. Mu kuwa sai mun cika randuna, mun share tsakar gida, mun kai niƙa mun dawo, sannan Inna ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Ku je, amma a kira magariba kuna can ku gani."

Baba da kwano da gwangwani yake aiki. Bokiti, mazurari, fitilar aci-balbal, akwatin amare, duk yana haɗawa. Mutum ne marar yawan magana, amma a kan aiki ba ya ragawa kowa, balle yayana Sabo da yake koya a hannunsa. Idan Yaya ya gama bokiti, Baba zai ɗaga shi ya saita da rana ya leƙa ciki. In ya hango haske ko kamar tsinin allura ne, sai ya wurgo masa ya ce, "Sake. Bokiti aka ce ka yi, ba rariya ba." Bakin kowane bokiti kuma sai an naɗe masa zoben ƙarfe mai kauri a ciki don kada ya lanƙwashe. Yaya Sabo ya sha ranƙwashi a kan zoben nan har ya iya shi fiye da zato.

Katanga ɗaya ta raba mu da gidan su Obi. Mutanen kudu ne, Kiristoci, uban akawu ne a wani kamfanin fata. Sun taɓa barin garin a wancan lokacin da manya ba sa son a tayar da zancensa. Sun tafi da 'ya'yansu, suka dawo da Obi kaɗai. Shi ya sa uwarsa ko tuntuɓe ya yi sai ta dafe ƙirji. Obi sa'an Yaya Sabo ne, tare suke yawo, Hausa a bakinsa ta fi tawa. Kuma gidansu ne kaɗai mai talabijin a layinmu.

Ranar da ake kawo fim ɗin mahayan, tun la'asar muke cika barandarsu. Maman Obi tana tsaye da buta a bakin ƙofa, ba mai shiga sai ya wanke ƙafa. Hoton kuwa kullum yayyafi yake yi, tsaki-tsaki kamar an watsa gero a gilashin, sai an tura wani ya juya gorar eriya muna yi masa ihu, "Ya yi! A'a, koma baya!" Turancin ba mai ji a cikinmu. Baban Obi ne ke fassara mana da Hausarsa mai karkata, ga littafin a cinyarsa, wani jibgege da bangonsa ya yage. Rabin fassarar faɗa ce. Zai buga littafin ya ce, "Ƙarya! Wannan mutum bai mutu a nan ba. Sun yanke, sun lalata labari." Mu ina ruwanmu da abin da suka yanke. Jira muke a busa ƙaho, mahaya su rufe fuska, a yi karo mashi ya tarwatse.

Ba a daɗe ba samarin unguwa suka mayar da abin wasansu. Keke ya zama doki, karan dawa ya zama mashi. Kara kuwa da an haɗu yake karyewa, a yi dariya a sake ɗauko wani, ba wanda ya taɓa ko ƙujewa. Sai Yaya Sabo ya ce abin bai cika ba tunda fuska a buɗe take. Duk ranar da Baba ya kai kaya kasuwa, sai ya jawo tsohuwar garwar kananzir ya hau yanka da bugu. Na kama shi, ya ce in na faɗa sai ya ɓalla ni. Huluna biyu ya ƙera, tasa da ta Obi, kuma ya yi su yadda aka koya masa aiki. Kowane haɗi ya liƙe shi da darma, ko iska ba ta ratsawa. Bakin wuya ya naɗe masa zoben ƙarfe irin na bokiti, ya matse shi sosai don kada hular ta yi rawa a kan keke, har sai an shafa man gyaɗa a kunnuwa take shiga. Tsaga ɗaya siririya ya bari saitin ido, domin iyakar abin da muke gani a talabijin ke nan. Hudar numfashin nan yayyafin gilashi ya cinye ta, ba wanda ya taɓa ganinta a cikinmu. Kuma ko a mafarki Yaya ba zai huda aikin da ya liƙe da hannunsa ba.

Wata Asabar ce cikin bazara, irin zafin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Yaran Tarauni sun ji labarin hulunan, suka tsallako gonaki su gani. Su ne suka yi ta tsiya, wai kayan ƙarfe a kai amma makamin kara, wasan 'yan mata. Maganar ta yi wa su Yaya zafi. Aka je aka zaro gora biyu daga wata tsohuwar rumfa. Ni ina gindin wata bishiya da sauran yara, na ga Obi yana ta tura kansa cikin hular, ya ce wani abu, muryar ta fito kamar daga cikin rijiya, muka yi dariya. Suka ja da baya, kowa ya kai ƙarshen fili. Wani ya busa cikin mazurari, suka taho.

Ƙarar ba irin ta kara ba ce. Gorar Yaya ta sami Obi a ƙarƙashin haɓa, ya tashi sama ya faɗo da kai, keken ya biyo shi ya danne. Yara suka sa ihun murna. Ni ma na yi tsalle, don yayana ne ya kayar. Sai muka ga Obi bai tashi ba. Ƙafafunsa ne ke shure ƙasa, hannayensa biyu suna yaƙushin wuya. Yaya Sabo ya yar da keke, ya fizge tasa hular har kunnensa ya tsage, ya durƙusa ya kama ta Obi ya ja. Ashe bakin hular ya lotsa, zoben ya lanƙwashe ya shige ƙarƙashin muƙamuƙi ya danne maƙogwaro. Duk ja ɗaya ƙara shaƙe shi yake. Daga cikin kwanon wani sauti ke fitowa kamar na ragon da aka yanka. Kafin ka ce me, yaran Tarauni sun watse cikin gonaki. Yaya ya juyo, idonsa ya yi jawur, ya daka min tsawa, "Kira Baba!"

Ban san yadda na isa rumfar ba. Na dai ji bakina yana cewa, "Baba, Obi, hula ta maƙale, ba ya numfashi." Bai tambaye ni wace hula ba. Ya dubi inda tsofaffin garewaninsa suke, ya dubi fuskata, ya suri almakashin yankan kwano da magagari, ya fita ba takalmi. Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ranar. Ihuna ya fito da mata. Maman Obi ta riga mu isa, hannunta duk kumfar wanki, ta zube a ƙasa ta ɗora kan ɗanta a cinya, kwanon ya ƙona ta don zafin rana amma ba ta sake shi ba. Inna ta cire mayafinta ta yi musu inuwa, ta ce da ni, "Ruwa, maza!" Na fizgi bokitin wata mata na dawo ina kwarara a kan hular.

Mutane suka taru, kowa da tasa. Wannan ya ce a kai shi asibiti, wancan ya ce da wace motar, kafin a kai titi ya cika. Wani ya ce a buga da guduma ta buɗe. Wani dattijo maƙwabcinmu ya sunkuyo kusa da kunnen Baba, amma na ji shi sarai. Ya ce, "Malam, ka sa yaronka ya ɓace daga nan. In ɗan mutanen nan ya mutu a hannunsa, ba ka san inda abin zai tsaya ba." Yaya Sabo yana tsaye, jini na bin wuyansa daga kunne. Baba ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Ba inda za shi. Sabo, durƙusa nan."

Ya zura bakin almakashi ta tsagar idon, ya yanko ƙasa a hankali, yana ɓanɓare kwanon gefe da gefe. Fuskar Obi ta bayyana, kuma wallahi da ma ban gan ta ba. Ta kumbura ta yi baƙi ƙirin, idanun sun juye sai fari, harshe a waje. Iska ta same shi amma ba ta da hanyar shiga. Almakashin ya sauko har wuya, ya ci karo da zoben, ya tsaya. Baba ya danna da hannu biyu har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Bakin almakashin ne ya dakushe, zoben ko gezau. Ya dubi Yaya, kallo ɗaya, ya ce, "Da ƙarfen mariƙin bokiti ka yi?" Yaya ya gyaɗa kai yana kuka.

Sai Baba ya tsoma hannun hagu a ruwan da nake zubawa, ya cusa yatsu biyu, manuni da na tsakiya, tsakanin zoben da maƙogwaron yaron. Da ƙyar suka shiga. Ya lanƙwasa su ya ɗago ƙarfen sama, muka ji wani siririn fito, iska ta ɗan ratsa. Da hannun dama ya riƙe ɗaya gefen hular don kada ta juya. Ya tura wa Yaya magagari da gwiwa ya ce, "Goga." Wurin da ƙarfen ya rabu da fatar Obi ɗaya ne tak, shi ne kan yatsun Baba. Ko'ina ban da nan, wuyan yaron za a goga.

Yaya ya fara. Magagarin yana zamewa daga kan ƙarfen yana sauka a kan yatsun. Fata ta tafi, jini ya ɓalle ya gauraya da ruwan da nake zubawa yana gangarawa cikin rigar Obi. Yaya ya tsaya ya ce, "Baba, yatsunka."

"Na ce maka wani abu? Goga."

Yaya ya ci gaba. Filin nan duk yawan mutanen ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar magagari da salatin Inna ƙasa-ƙasa, da Maman Obi tana addu'a da yarensu, kalma ɗaya take ta maimaitawa. Can sai ƙafafun Obi suka daina shure-shure. Hannunsa da ke riƙe da zanen uwarsa ya saki ya faɗi. Ta ɗago ta dubi Baba ta ce, "Malam, shi kaɗai ne. Malam, ba ni da wani." Baba ya ce, "Na sani. Riƙe kansa." Gumi na ɗiga daga gemunsa. Na ga wani abu fari a ƙarƙashin magagarin, sai daga baya na gane ƙashi ne. Yaya ma ya gani, ya runtse ido, Baba ya daka masa tsawar da ban taɓa jin irinta ba, "Buɗe idonka ka yi aiki!"

Zoben ya ce ƙas. Baba ya kama bakin biyu ya buɗe su, ya zare hular ya yar. A wuyan Obi ga shatin ƙarfen nan ya zagaye, ya nutse cikin nama. Bai motsa ba. Uwarsa ta girgiza shi, ta kira sunansa, ta mare shi, ta sake kira. Inna ta karɓi bokitin daga hannuna ta sheƙa masa sauran ruwan gaba ɗaya. Shiru. Na ji wata mata a bayana ta fara "Inna lillahi", ni kuwa fitsari ya kufce min a tsaye ban sani ba. Sai ƙirjinsa ya ɗaga. Ya ja wani numfashi mai ƙara kamar ana jan tsohon ƙyaure, ya yi tari, ya amayar da abin da ya ci, ya buɗe baki yana kuka amma ba murya. Maman Obi ta rungume shi tana ihu. Da ta ɗago ta ga hannun Baba, sai ta warware ɗankwalinta a gaban maza duka, ta naɗe masa. Baba ya ce, "Kai shi inuwa tukuna."

Ba a daki kowa ba, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan. Da Baban Obi ya dawo daga aiki ya ji, muka ji sallamarsa a ƙofar gidanmu, Yaya Sabo ya shige bayan randa. Mutumin ya tsaya ya daɗe yana kallon ɗankwalin matarsa a hannun Baba, ya jiƙe sharkaf da jini. Abin da ya ce kawai, "Malam, tashi mu je, na samo mota." Tare aka kai su asibiti, Baba da Obi. Daga wannan makon, in lokacin fim ɗin mahaya ya yi, Maman Obi sai ta yafa wa talabijin zane, kuma ba yaron da ya yi gigin tambaya. Ban san yadda labarin ya ƙare ba sai da na yi aure na gan shi a kaset, kuma ko a lokacin da aka zo wurin karon sai na tashi na shiga kicin.

Obi ya rayu, ya girma, ya yi 'ya'ya a garin nan, amma muryarsa ba ta dawo daidai ba. A dishe take, in yana magana kamar yana raɗa. Yatsun Baba biyu kuma sun warke a lanƙwashe, yadda ya ƙudundune su a ƙarƙashin zoben, ba su ƙara miƙewa ba. Bai sake iya naɗe bakin bokiti ba, Yaya Sabo ne ya riƙa yi masa har ya tsufa ya bar rumfar. Ban taɓa jin ya ambaci ranar ba, ko da wasa, ko cikin faɗa.

Ranar da Allah ya yi wa Baba rasuwa, Obi ya zo da kayan aikinsa a jiki, furfura ta fara fito masa. Ya tsaya a soro daga gefe, ya san inda nasa ya tsaya a sha'anin jana'izarmu. Ina daga bakin ƙofar cikin gida lokacin da Yaya Sabo ya fito daga wankan gawa, hannun rigarsa a jiƙe. Obi ya tare shi, ya riƙe masa hannu, ya matso kusa don a ji shi. Da dasasshiyar muryar nan ya ce, "Sabo, yatsun. Sun miƙe?"

Yaya ya girgiza kai ya ce, "Na gwada. Sun ƙi."

Obi ya sake shi, ya juya ya kifa goshinsa a bangon soro, kafaɗunsa suna rawa. Har aka fito da makara bai ɗago ba.